Kwanon da Na Rufe Maka

Ƙarfe huɗu na tashi hura wuta,
na tarar da kai zaune a bakin tabarma, Mutawakilu,
littafin kimiyya buɗe a cinyarka,
shafin da ka buɗe tun daren Talata.
Idonka na can sama, kana ƙirga ƙusoshin rufi.

Ɗaki ɗaya, mu shida.
Ƙannenka na numfashi kamar 'yan kyanwa,
rediyon Baba Seidu na tari ta bango,
kai ko tarin ba ka yi.

Ni mai koko ce a bakin tashar Aboabo.
Ina gane mai yunwa daga tafiyarsa,
ina gane mai bashi daga gaisuwarsa,
amma ɗan da na goya a bayan nan
ya rame a gabana ban gani ba.
Wake da shinkafar da na rufe maka da safe
sai in buɗe da la'asar, cokali bai shiga ba.

Matan gida kowa da fatawarta.
Hajiya Memuna ta ce iska ce, a nemo hayaƙi.
Matar tela ta ce a laluba aljihunsa,
ƙwaya ta gama da yaran layin nan.
Na laluba. Allah ya yafe mini, na laluba.
Sidi biyu na samu, da guntun fensir,
da takarda ninki takwas.
Na ba Fuseina ta karanta mini:
"In na faɗi jarrabawa, me zan ce wa Mma?"
Sau goma sha ɗaya ka rubuta.
Tana kai na uku muryarta ta ƙi.

Ashe ni ce dutsen da ke kanka.
Ni da nake zuba wa direbobi koko ina cewa
ku sha, likitanmu na nan tafe.
Ga ubanka daga Tarabulus, duk Juma'a a waya:
kai ne babba, kai ne katangar gida.
Shekara goma sha shida, wace katanga?
Ko siminti sai an bar shi ya sha iska.

A makaranta, sai daga baya ka faɗa mini,
in an ce ɗan Zango ne, sai a gyara riƙon jaka.
Ka iya Hausa, ka iya Tonanci, ka iya Turanci,
harshe uku a baki guda,
babu wanda ya ara maka sunan abin da ke cin ka.

Ka sha rubutu, ni ma na sha.
Ran Litinin kuma na kife tukunya, na bar ciniki,
muka ratsa cunkoson Kejetia zuwa babban asibiti,
kana riƙe da gefen mayafina
kamar ranar da na fara kai ka aji ɗaya.

Nas ɗin, 'yar Tonawa mai furfura,
ba ta tambayi makinka ba.
Ta ce, yaushe rabonka da barci?
Ka yi shiru har na fara jin kunya.
Can ka ce, tun kafin azumi.
Ta dube ni ta ce, ciwo ne, uwa,
yana da suna, ana jinyarsa.
A kan benci ga wata yarinya cikin rigar makaranta
tana cizon farce har jini,
uwarta, da sarƙar gicciye a wuya,
ta matsa mini wuri ba ta ce komai ba.

Yau kwana goma sha tara.
Ba ka warke ba, ba zan yi wa Allah ƙarya ba.
Shekaranjiya ma ka kwana zaune.
Na daina cewa likita a bakin tasha.
Na ce wa ubanka in ya kira
ya tambaye ka labarin ƙwallo, ya bar zancen katanga.

Ɗazu da asuba ka fito ba a kira ka ba,
ka karɓi mafici, ka tsuguna gaban murhu.
Ka ɗauki ƙosai ɗaya daga matsami, ka ciza,
ka ce, Mma, gishiri ya yi yawa.

Na ce to.
Na zagaya bayan randa, wai zan ɗebo ruwa,
na daɗe a can.