Motsi na Ashirin da Uku

Litinin da dare a Kutaisi,
ruwa na dukan rufin tsohon ɗakin karatu,
kogin Riyoni ya cika ya batse a bayan taga.
Jiya aka tashi gasar ces. Na zo na tara cikin sha huɗu.
Yau mun dawo tonon silili.

Tamaz ya shimfiɗa takardar wasana a gefen allo,
ya danne ta da kofin shayi.
Rubutuna da fari tsaf, kamar na akawu,
daga motsi na ashirin ya soma tangaɗi,
layi na hawa kan layi
ka ce a bayan akori-kura na rubuta shi.

"Mayar da wayar nan aljihu," in ji shi.
"Inji zai nuna maka inda ka faɗi,
mu inda ka yi tuntuɓe muke nema."

Muka mai da kowa gidansa,
farare da baƙaƙe, matattu da masu rai.
Mzia, wadda ta cinye ni,
ba ta ko cire farar rigar kantin magani ba,
tana tura sojojinta da yatsa ɗaya.

A na ashirin da uku Tamaz ya riƙe mini hannu.
Ga kunkuruna, haka muke kiran mai tafiya a karkace,
ya miƙa wuya yana hangen sarkinta
ta doguwar hanya ba mai gadi.
In na sadaukar da doki, magana ta ƙare.
Ni kuwa sai na ja dokin baya.

"Me ka gani?"
Na ce ban ga komai ba.
Ƙarya nake. Bara na gani:
teburin nan, dokin nan,
na miƙa wa Gocha shi a banza,
aka raka ni da dariya har bakin titi.
Wanda maciji ya sara, tsumma ma ya ishe shi gudu.

Mzia ta rufe fuska da tafi.
"Minti sha ɗaya ka yi kana tunani.
Ni har na goge gumin hannuna
don in miƙa maka."

Tamaz bai ce uffan ba.
Ya zana alamar tambaya da jan biro,
ya dube ni, ya ƙara ta biyu.

A kan Farar Gada na tsaya, lema a kafaɗa,
na ba da dokin, na sake ba da shi,
har motar ƙarshe ta wuce ni.
Asabar akwai gasa a Zestafoni.
Ban biya kuɗin shiga ba tukuna.