Malam Ya Buɗe Littafi a Fuskata

Yatsuna ne suka fara yi mini gardama.
Asuba ta yi, kwaɓin alkaki na jira a ƙwarya,
hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana murza shi
ya kasa ko ɗaura zani.
Na ce sanyi ne.
Cikin bazara, Fasuma? Sanyi daga ina?

Sai gajiya,
ba irin ta mai dawowa daga kasuwar Dole ran Alhamis ba,
wadda ke kwana da ke, ta kuma riga ki tashi.
Gashina ya dinga bin mataji kamar an yi masa kiranye.

Ran nan na leƙa madubi,
ja ya haye karan hancina,
fiffike ɗaya a kuncin dama, ɗaya a na hagu.
Barira ta ce, Inna,
malam-buɗe-littafi ya sauka a fuskarki.

Littafi ya buɗe, kowa ya zo da karatunsa.
Gwaggo Cima ta karanta sammu,
wai wata ce ke ƙyashin cinikina.
Maƙwabta suka karanta man sauya fata,
ni da ban san wani mai ba sai na gyaɗa.
Wata ta janye ɗanta daga tabarmata.
Na sha saiwa, na yi turare,
sau bakwai ana ba ni maganin masassara.

Jinina ya riga ni zuwa Yamai,
cikin 'yar kwalba, a motar asuba.
Bayan sati uku ya aiko da amsa.

Lokotoro ya juya takarda, ya zana zobe a bayanta.
Ya ce, kin san ganuwar Birni?
Kowane jiki da tasa, da dakaru a kowace ƙofa
masu tare baƙuwar cuta.
Naki ba su gudu ba, ba su yi barci ba.
Mantuwa ce ta same su, sun daina gane 'yan gari.
Su ga gaɓa, su ce abokin gaba ne,
su ga fata su harba,
in an yi sake su nufi ƙoda.
Sunanta lupus.
Ba a ɗaukarta a ƙwarya, ba a jifan mutum da ita.

Na ce, to a kashe su mana.
Ya ce, wa zai tsare ƙofa?
Lallashinsu ake yi.
Ƙwaya kullum, har ranar da kika tashi garau,
ita ce ma ranar da mutane ke yin ganganci.
Kuma ki yi nesa da rana, ita ke tunzura su.

Rana? A Damagaram?
Inda duwatsu ke riƙe zafi har bayan lisha?
Na yi dariya sai da haƙarƙarina ya amsa.

Yanzu da dare nake suya,
Barira ke kai wa masu shago in ta taso makaranta.
Na sayi lema baƙa, mai kabu-kabu ya ce ko damina nake jira.
Ina duba sawuna ko sun kumbura,
ina duba fitsari ko ya yi kumfa,
karatun da babu malamin da ya taɓa biya mini.
Wani watan in ɗauki jarka biyu daga famfo,
wani watan moɗa ma nauyi gare ta.

Gwaggo Cima har yau ba ta sauka daga kan sammu ba,
amma ita ke tuna mini lokacin ƙwaya.

Malam ya rufe littafinsa tun kaka.
Na san bai tashi ba, fikafikai kawai ya naɗe.
In na kwanta, nakan ɗora hannu a ƙirji
in yi wa dakaruna sallama a hankali:
ku sauke baka, ni ce,
Fasuma mai alkaki,
a gidan nan aka yanke mini cibiya.