Ɗorin Wake-wake

Ranar Laraba ce, bayan la'asar,
adaidaita sahu ya kutso lungunmu na Yakasai
yana neman hanyar da babu ita,
ya bi ta kan ƙafar Wake-wake,
ya wuce, ko waiwaye.

Ina kan keke na ji kukan,
ina tsakiyar ɗinkin wuyan riga.
Na fito da allura a leɓe.
Ga ta a bakin kwata,
fiffike ɗaya a shimfiɗe kamar tabarmar baƙo,
ƙafar hagu tana reto,
baki buɗe, harshe yana rawa.

Malam Tanimu mai faci ya riga ni magana:
"A kawo wuƙa kafin ta zama mushe."
Gwaggo Tasalla ta leƙo ta katanga,
ta ce akwai attaruhu, akwai albasa,
ita dai a bar mata ƙundu da wuya.
Tana numfashi aka gama rabon ta.

Ni kuwa sai na tuna shekarar
da babur ya watsar da ni a Ƙofar Nasarawa.
Wata uku ina ƙirga azara.
Ba wanda ya ce a kawo wuƙa.

Na tsaga sillen kara biyu,
na laƙato man kaɗanya a gwangwani,
na ja ƙashin a hankali har ya koma mazauninsa,
ko dai inda nake zaton mazauninsa ne.
Na naɗe da ƙyallen shadda,
ragowar babbar rigar Alhaji Sammani,
irin wadda ni mai ɗinkin ban taɓa sawa ba.
Ladan da ta ba ni
sara uku a babban yatsa, har da jini.

Ban mai da ta akurki ba.
Kaji ba su san jinya ba,
wadda ta kwanta ita ake tsattsaga.
Kwali na sa mata ƙarƙashin teburin yanka,
tsaki jiƙaƙƙe, ɗan dusa,
ruwa a murfin kwalba.
Da dare in kife ta da kwando, in ɗora turmi,
don muzurun gidan Tasalla ya san lissafi,
gafiyar kwata ma ba ta barci.
In an ɗauke wuta in haska ta da waya,
ta buɗe ido ɗaya,
ta ga ni ne, ta rufe.

Kwana tara ba ta taka ba.
Kashinta a kan ƙyallayen mutane,
warinta a cikin shago,
wata amarya ta zo karɓar ɗinki tana toshe hanci.
Na kusa kiran Tanimu, ba zan ɓoye ba.

Ran na sha shida ta sauke ƙafar
kamar mai gwada zafin ruwan wanka,
ta ɗage,
ta sake saukewa.
Na tsai da keke. Ban ce komai ba,
kada bakina ya kama ta.

Ɗorin ya karkace.
Ni tela ne, ba maɗori ba.
Tana tafiya kamar mai auna yadi,
taku ɗaya cikakke, ɗaya rabi.

An ce sabo da kaza ba ya hana yanka.
Na sani.
Da Sallah na je kasuwar Rimi
na sayo wata fara da ban san halinta ba,
ita muka ci.

Yanzu ga ta can ta fito daga kwanci.
Ƙwai goma sha ɗaya a cikin buhun ƙyallaye,
bakwai ta ƙyanƙyashe.
Suna bin ta zuwa gindin famfo,
na ƙarshen yana ɗingishi.
Na ɗauke shi, na duba, na murza, ba komai.
Tasalla ta ce, "Ajiye shi, lafiyarsa lau,
tafiyar uwa yake koyo."

Na ajiye shi.
Na bi bayansu da butar alwala,
ita gaba, shi a tsakiya, ni a baya,
duk ƙafar hagu.