Daƙiƙa Huɗu a Kashi na Bakwai

A Hachinohe, bayan kasuwar kifi,
akwai shagon taliya mai kujera tara,
ni ke wanke kwanukansa.
Daren Alhamis su biyu ke zuwa:
Tetsuji Kuwabara, direban bas na layin asibiti,
da Rinko Hatakeyama mai feɗe kifi a masana'anta,
ƙarnin aiki bai gama barin hannunta ba.
Ba dangi ba ne, ba masoya ba,
gardama ce ta haɗa su.

Labarin a allon kwamfuta ya fara,
hoto a tsaye, rubutu a ƙasa,
ka karanta, ka danna, ka karanta,
har ka iso mararraba a ce zaɓi.
Hanya biyar, ƙarshe goma sha ɗaya.
Sai masu zane mai motsi suka ɗauke shi,
suka matse shi cikin kashi goma sha biyu,
suka bi hanya guda, suka toshe huɗu.
Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Tetsuji ya ajiye tsinkayen cin abinci.
Ya ce, yarinyar da ke gadin fitilar teku fa?
Kafin ka kai gare ta
sai ka ƙi ɗaga waya sau uku,
sai ka tsaya a kan gada har ruwa ya ɗauke,
kuma ba mai gaya maka.
Sa'a sittin na yi kafin ta faɗa mini sunan kyanwarta.
Su kuwa? Kashi na bakwai,
ta gifta da lema a bayan wasu.
Daƙiƙa huɗu. Na ƙirga.
Ko baki ba su ba ta ba.

Rinko ta hura romo, ta kurɓa.
Ta ce, sa'a sittin! Wa ya ba ni?
Ƙarfe huɗu na asuba ina tsaye kan jiƙaƙƙen siminti,
in na dawo idona ba ya riƙe rubutu.
Minti ashirin da uku gare ni a mako,
a cikinsu na ga yaron nan ya yi gudu,
gudu na gaske, jaka na dukan bayansa.
A naka allon ya taɓa ɗaga ƙafa?

Ya ce, shi ne ai. Jira na yake yi.
In ban danna ba, ba ya cewa uffan.
Shekarar da babana ya kwanta,
ina kan kujerar roba a ɗaki na ɗari uku da shida,
na bar wani layi a allon dare guda cur.
Na san abin da ke bayansa, na ƙi dannawa.
Ba wanda ya mutu a daren.
Naki ba ya jiran kowa,
kina share hawaye waƙar rufewa ta taso.

Na kashe famfo don in ji.
A waje dusar ƙanƙara na taruwa kan sirdin kekenta.

Ta ce, amma ka danna daga baya.
Ya ce, na danna.

Tsoho Genzo mai shago ya leƙo daga tururi,
ya ce taliya ta kumbura, ku ci ko ku ba ni wuri.
Suka ci.
Tana ɗaura gyale a wuya ta ce,
kyanwar nan, yaya sunanta?
Ya ce, sai kin ƙi ɗaga waya sau uku.
Ta ja tsaki. Amma tsohuwar kwamfutar
da ya turo mata cikin jakar leda,
ba ta bar ta a kan tebur ba.

Da na koma ɗaki na nemo kashi na bakwai.
Lemar rawaya ce, ƙashinta ɗaya ya karye,
kuma kafin ta fice daga allon
ta ɗan waiwayo.
Na mayar baya, na ƙirga, na sake.
Ni biyar nake samu.