Numfashi Ɗaya

Ran da malam ya ce kowa ya tashi
ya faɗi macen da ta burge shi a tarihi,
'yan ajinmu suka jero sarauniyoyi,
masu kambin zinare, masu cin garuruwa.
Ni na sunkuyar da kai, na yi gum,
don tawa tana can bakin gaɓa a Jeju,
tana warin gishiri da ciyawar teku,
tana cire ƙaya daga tafin hannu da haƙora.

Bu Ok-ryeon sunanta.
Kada ka neme shi a littafin zuriya,
can uba ya haifi ɗa, ɗa ya haifi ɗa,
sai ka ce daga dutse suke tsirowa.

Tana 'yar shekara tara ta fara nutso.
Gora ɗaya, raga ɗaya, ƙarfe mai lanƙwasa,
'yar rigar auduga, sanyi na cin ɓargo.
Gaba goma take sauka cikin duhu
ta ɓamɓaro katantanwa daga haƙarƙarin dutse,
in ta taso sai ta saki fito,
siriri, kamar tsuntsu ya kuɓuce wa tarko.
Saƙonta ke nan ga mutuwa:
yau ma ba rabonki, sai wani jiƙon.

Da tsohon ciki ta shiga ruwa,
a kwale-kwale uwata ta faɗo duniya,
mata suka yi musu katanga da jikinsu.
Kwana uku ta koma. Tukunya ba ta san jego ba.
Maza uku ta yi wa kuɗin makaranta
daga huhunta, numfashi bayan numfashi,
ita kuwa in an kawo takarda
sai ta miƙa babban yatsa.

Uwata, Chun-sim, ta tsani teku.
Ta hau jirgin Busan da akwatin kwali,
shekara ashirin da biyu tana ɗinkin takalma
a ƙarƙashin fitilar da ba ta san dare ba.
Ta ce 'yata ba za ta ci da numfashinta ba.
Ta saya mini jaka maimakon gora,
ta hana ni ko jiƙa ƙafa.
Amma na sha kama ta da asuba
a gaban kwanon wanke fuska,
ta nutsa kai, tana ƙirga.

Ni ce yanzu ke jan jirgin fito
tsakanin Wando da tsibirinmu.
Maza goma sha huɗu ke jiran umarnina,
wasunsu har yau suna duban bayana
ko mai jirgin na tafe.
Ina taka ruwan da ta huda,
daga sama, da takalmi busasshe,
da shayi mai zafi kusa da hannu.

Bara aka kafa mutum-mutumi a tasha,
macen nutso, siririya, tana murmushi,
baƙi na layi suna ɗaukar hoto.
Na turo kakata a keken guragu ta gani.
Ta daɗe tana dubanta, sama da ƙasa,
ta ce, “Wannan ba ta taɓa jin sanyi ba.”

Ruwa ya cinye mata kunnuwa.
In na zo daidai ƙauyenmu ina busa ƙaho,
dogo ɗaya, gajere biyu,
na san ba ta ji.
Maƙwabta ke taɓa kafaɗarta su nuna.

Daren jiya ina shafa mata mai a gwiwa,
na faɗa mata da ƙarfi, bakina a kunnenta,
abin da na kasa faɗa a aji
shekara talatin da suka wuce.
Ban san ko ya shiga ba.
Ta kama hannuna, ta juya shi,
ta ga ba kanta, ba tabo,
ta ce, “Ke, mai jirgi,
numfashinki nawa ne?”
Na ce daƙiƙa arba'in, in na matsa.

Ta yi dariya har da tari,
ta ce gobe in zo da wuri,
kafin ruwa ya janye.