Gawa ta Goma Sha Ɗaya

Lei tamanin a wuni, da miyar wake da rana.
Haka Ilinca ta ce,
yarinyar da ta jinginar da motar uwarta
don ta yi fim ɗin gawarwaki masu tafiya
a tsohon gidan yarin da ke bayan tashar jirgin ƙasa.
Ba ta tambaye ni ko na san wurin ba.
Ni ma ban ce mata shekara tara na kwana a ciki ba.

Tun asuba aka shafe mu da toka da gam,
aka liƙa mana takarda a kumatu, wai ruɓaɓɓiyar fata.
Jinin kuwa tumatirin gwangwani ne da sikari
a bokitin fenti, Sorin yana motsa shi da sanda.
Mu goma sha huɗu ne, a fim za mu zama ɗari:
ka faɗi a wannan lungu, ka sauya hula,
ka zaga ta baya, ka zo ka sake mutuwa.

Kyamara ɗaya. Fitila biyu, ɗaya tana kashe ido.
Jarumin namu ɗan koyon gyaran haƙori ne,
bindigarsa ta roba, an ɗaure bakinta da salatif.

"Ku yi tafiyar matattu!" in ji Ilinca.
Samarin suka miƙe hannu, suka karkace wuya,
suna gurnani kamar karen da aka taka wa wutsiya.
Ni dai tafiya na yi.
Irin wadda ƙafata ta haddace a wannan baranda:
kai a ƙasa, kafaɗa tana gugar bango,
taku ashirin da shida daga ƙofa zuwa famfo,
ba gaggawa, don ba abin da ke jiranka a can.
Ta ɗago daga kyamara.
"Kowa ya dubi Nelu! Baba, ina ka koyo wannan?"
Na ce baiwa ce.

Gawa ta bakwai, da tarinsa na gane shi.
Grigore, mai makullai.
Fanshonsa ba ya ganin ƙarshen wata,
ga shi yau cikin rigar fursuna mai zane,
an rataya masa idon roba a kunci.
Da rana muka zauna a matakala guda,
kowa da kwanonsa, tururi na narkar da gam.
"Sanyin nan bai canja ba," ya ce.
"Bai canja ba," na ce.
Ya miƙo mini taba.
Sau nawa hannun nan ya zare ta daga safata?
Na karɓa. Gawa ba ta da riƙo,
ko dai tana da shi, bakin ne ya yi nauyi.

A ɗaki na talatin da ɗaya
Ilinca ta haska bango, ta yi tsalle:
layi-layi, an kankare da gindin cokali,
biyar-biyar, har ƙasan taga.
"Kamar an shirya mana! Ko kwabo ba mu kashe ba!"
Na tsaya a bayanta ina ƙirgawa.
Ashe na tsallake mako guda a hunturu na huɗu.

Fitowa ta ƙarshe: matattu su tura babbar ƙofa,
su yi ta turawa, ta ƙi buɗewa.
Sai dai tsatsa ta cinye sakatar,
ko iska ta taɓa ta wangalewa take.
Dole Sorin ya kwanta ya tokare ta da ƙafa.
Na tura da gaske. Sai da ya yi ƙara.

Da magariba aka ba mu lei sittin, saura sai fim ya fita.
Na wanke fuska a famfon nan dai,
tokar ta maƙale a tsagar goshi.
Muka fice, ba mai sa hannu, ba mai kiran lamba.
Grigore ya shafa ƙugu, yana neman abin da ba ya nan.

A cikin bas wani yaro ya ƙura mini ido.
Uwarsa ta ja shi jikinta.
"Kada ka ji tsoro," ta ce, "kwalliya ce."