Aikin Gida a Rafindadi

Nepa ta ɗauke tun kafin isha'i.
Sa'ade ta baje littafi bisa tabarma,
ta ari wayata, ta kunna tocila,
ta jingine ta da butar alwala.

Malam Mamuda ne ya sa su
su kawo kalmomin Turanci goma na haske.
Ta samu bakwai. Tana karanto mini,
harshe na tuntuɓe kamar jaki a kan tsakuwa.
Biyar daga ciki farkonsu ɗaya,
sai ka ce 'ya'yan mutum guda
da aka yi wa aski rana ɗaya.

Ta ce, Baba, mene bambancin wannan da wancan?

Na ce, 'yar nan, aji huɗu na tsaya.
Amma shekara talatin ina walda a Ƙofar Marusa,
haske ne ya ci da mu,
shi kuma ya ci idona.
Tambaye ni da bakin da na sha nono.

Akwai walƙiya, in sanda ta sumbaci ƙarfe,
wadda ba a kallonta sau biyu kyauta.
Tartsatsi ƙannenta ne,
su suka huda mini duk wata riga.
Ƙyalli na sabon kwano ne da azahar,
in ka hango rufin gari daga wajen Gobarau
sai ka sa hannu ka kare.
Sheƙi daban: shadda ce da ta sha bugu,
ko goshin uwarki ranar da na fara ganinta,
ta ɗebo ruwa, rana na bayanta.

Sa'ade ta yi dariya. Uwar daga ɗaki
ta ce in ji kunya, yarinya na karatu.

Na ce to, ƙyalƙyali fa?
Je ki tafki bayan ruwan sassafe
ki jefa dutse, ki tsaya.
Aci-balbal ɗin Iya Tabawa mai ƙosai,
ita ba ta haske, numfashi take,
iska ta kwantar da ita ta miƙe,
ta kwantar da ita ta miƙe.
Makesu kuma a fadama cikin damina,
wal, ya ɓace, wal, yana can gaba,
kamar mai bashi ya hango ka a kasuwa.
Annuri ba a kunna shi.
Na gan shi sau ɗaya, a fuskar kakanki,
muna shirin rufe masa likkafani.

Ta ajiye biro. Ta ce duk ba za su shiga ba,
Malam na Turanci yake so.
Na ce to rubuta naki bakwai,
ki bar mini nawa.

Ban gaya mata dishi-dishi ba,
wanda da shi nake ganin fuskarta yanzu,
kamar fitilar ƙwai da hayaƙi ya ci gilashinta.

Can sai yaran unguwa suka kwashe da ihu,
an kawo, an kawo!
Ƙwan tsakar gida ya ƙyafta sau biyu ya tsaya.
Na runtse ido.
Ga shi nan, koren ɗigon nan
da ke iyo a bayan fatar idona
tun ina yaron shago.
Na ce, Sa'ade, gobe tambayi Malam Mamuda
ko Bature ya raɗa wa wannan suna.
Mu dai ba mu raɗa ba.